Hattara da mai sayar da sautin goge a Jidda

'Yan'uwa masu haɗa kiɗan fim da waƙoƙin biki a Jidda da Makka, akwai wani da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana tallan tarin sautin goge irin na Turawa, wanda ake jera shi hawa-hawa, ƙananan goge a sama, manya a ƙasa, har ya cika kunne. Yana ambaton irin wannan tarin sauti guda biyu, Albion na kamfanin Spitfire Audio da kuma Cinematic Studio Strings, wai duk a faifai ɗaya kan 'yan ɗaruruwan riyal. Mayaudari ne.

Samfurin da yake turowa yana da daɗi, don tallan kamfanonin ne ya kwaso. Ka tura kuɗi, sai wani yaro ya miƙa maka faifan a bakin titi a Karantina, shi kuwa ba ka ganin ƙeyarsa. Wani ƙanina da ya saya, da ya buɗe a Kontakt Player, manhajar da ake kunna irin waɗannan sautuka da ita, sai ga DEMO, wato na gwaji, a jikin kayan. Bayan minti 15 sauti ya ɗauke ɗif, yana tsakiyar aikin mutane. Ya kira mai tallan, sai mutumin ya ce: "Haba ɗan'uwa, ai sai ka ƙaro kuɗin buɗewa." Ya ƙara. Tun ranar lambar a kashe take.

Wani kuma tarkacen fayilolin sauti na WAV ya tarar, babu fayil ɗin da ke haɗa su. Ba dogon jan baka, ba gajeren sara, ba tsinken yatsa, balle zaɓin makirufon kusa da na nesa. Abin takaicin ma, ɗan abin da ke aiki a ciki BBC Symphony Orchestra Discover ne, wanda kyauta ake bayarwa.

Tarin sauti na gaskiya yana zuwa da lasisi a kan imel ɗinka, ta Native Access, manhajar rajistar lasisi ta masu Kontakt, ko manhajar kamfanin da ya yi sautin. Spitfire ba su yarda a sayar wa wani da lasisi ba, saboda haka zancen "na hannu ne" ƙarya ce tsagwaronta.

Ya fi farautar waɗanda igamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare, don ya san ba za su kai ƙara ba. Mai takarda ya adana hoton hirar da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa, ya shigar da ƙara ta Kollona Amn, manhajar kai rahoto ga jami'an tsaron Saudiyya. Faifan kuwa kada ku soka shi a kwamfutar aiki kafin a duba shi.