Zaɓen libarba mai ɗana hama da hannu domin farauta da harbin allo

Libarbar da ake ɗana mata hama, wato ƙarfen baya da ke bugawa harbi ya tashi, da babban yatsa kafin kowane harbi tsohon samfuri ce. Kamfanin Colt ya fitar da shahararriyarsa, Single Action Army, tun 1873, kuma har yau fasalin bai canja sosai ba: ana loda harsashi ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar ƙofa a gefen dama, a fitar da kwanso da sandar turawa da ke jikin bututu. Jinkiri ne da ita wajen lodi, amma mafarauci da mai harbin allo ba gaggawa suke yi ba. Abin da suke samu shi ne kunama mai sauƙin ja da jiki mai ƙwari, domin silinda, wato gangar da ake sa harsasai a ramukanta, tana juyawa ne a kan sanda guda a cikin firam rufaffe. Kafin komai, a tabbatar dokar wurin da ake zaune ta yarda da mallakarta da kuma farauta da ita, don wurare da dama sun ƙayyade girman harsashi da tsawon bututu.

A fara da harsashi, a bar kyan bindiga tukuna. Mai harbin allo da farautar zomo ko kurege, .22 LR ya ishe shi: ba shuri, ba tsada, a wuni ana harbi hannu bai gaji ba. Ruger Single-Six, wadda ta fito a 1953, ita ce ma'auni a nan, kuma ana samunta da silinda ta biyu ta .22 Magnum. Sai dai an buɗa bututunta daidai da harsashin Magnum, wanda ya ɗan fi kauri, shi ya sa wasu ba sa tara harbin .22 LR wuri guda sosai sai an gwada nau'o'i daban-daban an gano wanda ya dace da ita. Wrangler da Heritage Rough Rider sun fi araha, sun dace da koyo, amma yawancinsu saitinsu a kafe yake.

Wanda yake son bindiga guda ta yi masa aiki biyu, .357 Magnum ya kamata ya fara dubawa. Tana cin .38 Special mai laushi don atisaye, sannan da harsashi mai nauyin giren (ma'aunin nauyin harsashi) 158 zuwa 180 tana kayar da barewa matsakaiciya a tazarar da ba ta wuce mita hamsin ba, in an sa harbin inda ya dace. Bayan harba .38 da yawa a goge ramukan silinda, domin gajeren kwanso yana barin zoben dauɗa da ke hana dogon kwanso shiga ko fita.

Ga manyan dabbobi kamar aladen daji, .44 Magnum ce aka fi dogara da ita, da harsashi mai giren 240 zuwa 300, kuma ita ma tana cin .44 Special. Sama da ita akwai .454 Casull da ire-irenta. A ganinmu, mafi yawan masu saye ba sa buƙatarsu. Shurinsu yana koya wa mutum runtse ido da fizgar kunama tun harbi bai tashi ba, kuma wannan ɗabi'a in ta kama, da wuya ta saki. Wanda ba zai iya sa harbi biyar a cikin da'ira mai faɗin santimita ashirin daga mita ashirin da biyar ba, bai isa ya tunkari dabba da wannan harsashin ba tukuna.

Batun .45 Colt yana buƙatar a tsaya a kansa, don a nan ake samun haɗari. Harsashinsa na asali matsinsa bai wuce psi 14,000 ba, alhali na .44 Magnum ya kai 36,000. Amma ana sayar da wasu harsasan .45 Colt masu zafi da aka yi don manyan firam kawai, irin na Ruger Blackhawk mai cikakken girma da tsohuwar Ruger Vaquero ta 1993. New Vaquero ta 2005 firam ɗinta ƙarami ne, bangon silindarta siriri, haka ma Colt da kwafinta na Italiya daga Uberti da Pietta. Sa harsashi mai zafi a cikin waɗannan na iya fasa silinda. Sunayen sun yi kama da juna, don haka a karanta abin da ke rubuce a jikin bindigar da kuma jikin kwalin harsashi.

Sai saiti. Masu kamannin bindigar kaboyi, wato Vaquero da kwafin Colt, tsagi kawai aka yi musu a saman firam da ɗan ƙarfe a gaba. Suna da kyan gani, suna fita daga kube ba tare da maƙalewa ba, amma an daidaita su ne da nauyin harsashi guda. Harsashi mai nauyi da ke tafiya a hankali yakan sauka sama, domin bakin bindiga ya riga ya ɗaga kafin ya fita, mara nauyi mai gudu kuma ya sauka ƙasa. Gyaran wannan sai da goge ƙarfen gaba ko juya bututu, aikin maƙerin bindiga. Blackhawk da Super Blackhawk kuwa saitin bayansu sukuru biyu ne, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Don farauta da harbin allo, mai sukuru za a ɗauka. Mai son ɗora madubin hange ya nemi Super Blackhawk Hunter, da aka yi mata gurbin ɗaurawa a kan bututu tun daga masana'anta.

Akwai bambancin da ya shafi rai. A tsohon fasalin Colt, da Ruger da aka ƙera kafin 1973, allurar harbi tana iya zama a kan gindin harsashi in hama tana kwance, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta tayar da harbi. Irin waɗannan biyar ake loda musu: a sa ɗaya, a tsallake rami ɗaya, a sa huɗu, a ɗana hama har ƙarshe, a kwantar da ita a hankali a kan ramin da babu komai. Ruger na bayan 1973 suna da wani ɗan ƙarfe tsakanin hama da allura wanda ba ya tasowa sai an ja kunama, don haka ana cika su shida. Freedom Arms Model 83, duk da tsadarta da ingancin aikinta, rami biyar gare ta, kuma huɗu ake ɗauka da ita.

Mariƙi ba a zaɓensa daga hoto. Na gargajiya yana mirginawa sama a tafin hannu lokacin shuri, abin da ke da daɗi a ƙananan harsasai. Daga .44 Magnum zuwa sama, da yawa sun fi son samfurin Bisley, wanda ya fi miƙewa, yana tura shurin kai tsaye cikin hannu. Garkuwar kunama mai kusurwa ta Super Blackhawk ta shahara da bugun gaɓar yatsan tsakiya. Tsawon bututu kuwa, inci 7.5 ya fi ba da tazara tsakanin saitin gaba da na baya, inci 5.5 ya fi daɗin ratayawa a ƙugu, ƙasa da inci biyar kuma ƙara da walƙiya sun yi yawa a Magnum.

In an tsayar da samfuri, musamman na hannu, a tabbatar babu harsashi sannan a duba. A ɗana hama a hankali a kan kowane rami, silinda ta kulle kafin hama ta kai ƙarshe. In sai an taimaka mata da yatsa, aikin cikinta ya ci. A tura hama da yatsa tana ɗane. In ta faɗi ba a taɓa kunama ba, wani ya goge ta fiye da kima, a bar ta. Ratar da ke tsakanin silinda da bututu ta kasance wajen inci 0.004 zuwa 0.006 a ma'aunin filageji, wato siraran ƙarafan auna rata; in ta yi faɗi sosai ƙarfi yana zurarewa, in ta matse silinda tana cijewa da zarar dauɗa ta taru. A .45 Colt a sa a auna bakin ramukan silinda. In sun gaza inci 0.452, suna matse harsashin dalma ya shiga bututu a rame, sai dalma ta manne a ciki, harbi ya warwatse. Maƙeri yana buɗa su cikin ɗan lokaci.

Matsaloli uku ne ke biyo bayan harsashi mai ƙarfi. Sukurun gidan sandar turawa da na mariƙi suna kwancewa, sai a ɗiga musu maganin riƙe zare mai shuɗi. Sandar silinda tana zamowa gaba in makullinta ya yi laushi, a canja sifirin ko a sa sanda mai sukurun kullewa. Kan harsasan da ba a harba ba kuma yana iya zarewa daga kwanso har ya leƙo ta gaban silinda ya hana ta juyawa. Don gane wannan, a harba biyar, a ciro na shida a gwada tsawonsa da sabo. In ya ƙaru, a canja nau'in harsashi kafin ranar farauta.