Safar Showa 660 da 720 a kan zoben Kubi: wacce ke zama daidai hannu a ruwan sanyi?

A tsagin Silfra na ƙasar Aisland, sanyin ruwa yana tsakanin digiri 2 da 4 duk shekara, kuma a irin wannan ruwa hannu ne ke fara gazawa. Mai nutso da yatsunsa suka sandare ba zai iya murɗa bawul ɗin tukunyar iska ba, balle ya ɓalle ƙugiya. Shi ya sa masu sa rigar nutso mai hana ruwa shiga suke haɗa ta da busasshiyar safar hannu. Da yawansu kuwa safar Showa suke sawa, ta wani kamfanin Japan, wadda asali don masunta da ma'aikatan masana'antu aka yi ta, su ɗaura ta a zoben da ke bakin hannun riga, irin na kamfanin Kubi.

Ita robar ba ta ɗumama kowa. Aikinta tare ruwa kawai. Ɗumi yana zuwa ne daga safar ciki da iskar da ta riƙe. Don haka safar ciki za ka fara saye, ta ulu ko ta zaren roba mai gashi-gashi, ka sa ta, sannan ka auna ta waje a kanta. Wanda ya fara da ta waje yakan ƙare da safar da ta matse shi, jini ya kasa zagayawa, ya fito yana rawar ɗari ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Awon da sauƙi. Zagaya tef ɗin tela a tafin hannu, daidai gindin yatsu huɗu, ban da babban yatsa. A ma'aunin Turai, lamba 8 tana nufin milimita 203, lamba 9 milimita 229, lamba 10 milimita 254. Amma faɗin tafi ba shi ne inda ake samun matsala ba, tsawon yatsu ne. In robar ta zarce kan yatsa da kusan santimita ɗaya, matsin ruwa zai lanƙwashe rarar, ta riƙa shiga bakin ƙugiya tana maƙalewa, wani lokaci har ta huje. In kuma ta gaza, tsakanin yatsun safar ba zai sauka gindin naka ba, sai dunƙule hannu ya zama aiki. Gwada ta tun a shago: sa duka biyun, dunƙule hannu, sannan ka ɗauki kwabo daga kan tebur ka buɗe ƙugiya da hannu ɗaya. Safar da ta kasa wannan a tudu ba za ta gyaru a ruwa ba.

Showa 660, shuɗiyar nan ta robar PVC, ita ce jakin aiki. Tana da kauri, bayanta na da kaushi mai kama igiya, tana jure gogar ƙarfen jiragen da suka nutse irin na Scapa Flow a Sikotland. Yatsunta masu faɗi ne, suna karɓar safar ciki mai kauri. Aibinta biyu: PVC yana ƙara tauri a ruwan sanyi, kuma mai siraran yatsu zai ji hannunsa na yawo a ciki. Ita kuwa 720 ta robar naitiril ce, ba ta kai 660 kauri ba, tana bin siffar yatsa, kuma sanyi ba ya sandarar da ita sosai. Mai ɗaukar hoto, ko mai yawan taɓa bawul da ƙulla zare, 720 ta fi masa nesa ba kusa ba. Sai dai da yake ta fi matsewa, sau da yawa sai an ƙara lamba ɗaya in safar ciki mai kauri ce. A ganinmu, ga yawancin hannaye 720 ce zaɓin farko, a bar 660 ga masu aikin ƙarfi.

Zoben Kubi na alminiyam ne, yana zuwa da faɗin milimita 70, 80, 90 da 100. Zaɓi mafi ƙanƙanta da hannunka zai wuce ta ciki da safar ciki a jiki, domin babban zobe yana tokare mutum in zai miƙa hannu bayan wuya. Turawa ake yi ya shige, babu murɗawa, kuma zoben roba ne ke toshe ruwa. A nan ne kusan duk yoyo ke farawa: silin gashi ɗaya, ko zaren safar ciki da ya hau kan robar zoben, ya isa ya jiƙa hannu. Goge ta kafin kowane nutso, shafa man siliko kaɗan, yadda za ta yi sheƙi kawai, don mai yawa yashi yake kwasowa. Wurin ɗaura safar a zobe kuma a tabbata ba ta naɗe ba, babban yatsa na fuskantar inda ya dace.

Saura batun matsi. A zurfin mita 10 iskar da ke cikin safa ta koma rabi, a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, robar ta manne wa fata, ɗumi ya tafi. Maganinsa a zura ɗan siririn tiyo ko guntun igiyar roba a ƙarƙashin robar rigar da ke matse wuyan hannu, iska ta riƙa ratsowa daga riga. Wurin sauka, ɗaga hannu sama iska ta shiga. Wurin hawa, saukar da shi ta koma riga, in ba haka ba safar ta kumbura kamar balan-balan. Kada a yanke robar wuyan hannun don neman sauƙi, domin ranar da safa ta huje ita ce za ta hana ruwa cika riga: sai a zare tiyon, hannu kaɗai ya jiƙe.

Don gano huji, cika safar da ruwa, murɗe bakinta, ka matsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Safar ba ta da tsada in aka kwatanta da zoben, don haka a riƙa tafiya da wata ta ajiya mai lamba iri ɗaya, tare da busasshiyar safar ciki da zoben roba na canji.