Akwatin Poka Mai Kwabbai 300: Ra'ayin Magidanci Ɗalibin Shari'a a Yamai

Akwatin kayan wasan karta na poka ne, na alminiyum mai hannu, irin wanda ake shigowa da shi daga ƙasar Sin ba tare da sunan wani kamfani a jikinsa ba, kuma ana samunsa jefi-jefi a shagunan da ke sayar da kayan wasanni da na kyaututtuka a Yamai. A cikinsa akwai kwabban roba 300 masu launi biyar, da karta ƙunshi biyu, da ƙwayoyin ludo biyar, da wani farin faifai da ake ajiyewa gaban mai rabo. Mu shida muka haɗa kuɗi muka saya, dukkanmu ɗaliban shari'a ne a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma mafi yawanmu magidanta ne da ke aiki da safe su tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda domin darasi. Abin da ya sa na ga ya dace in yi bayaninsa shi ne tambayar da abokan karatu ke yawan yi mini, wato ko mutum mai iyali da jarrabawa a gabansa zai iya ajiye irin wannan abu a gida ba tare da ya cinye masa lokaci da mutunci ba.

Kwabban su ne mafi kyawun abin da ke cikin akwatin. Kowanne yana da nauyin giram 11.5 da faɗin kusan santimita huɗu, kuma akwai ƙarfe a cikin robar, domin idan aka kusanto da mayen ƙarfe sai ya kama. Wannan nauyi yana da amfani ga mai wasa a tsakar gida a kan tabarma, tun da iskar hunturu ba ta kwashe su, fanka ma ba ta watsa su, ga shi kuma idan ƙura ta hau kansu tsumma mai laima ya isa. Aibinsu shi ne ba a rubuta daraja a jikin ko ɗaya ba, saboda haka dole a yi yarjejeniya tun farko cewa fari ɗaya ne, ja biyar, shuɗi goma, da sauransu, a kuma rubuta a takarda a ajiye tsakiya, in ba haka ba gardama ba ta ƙarewa, musamman a tsakanin mutanen da gardama ce sana'ar da suke koyo. Suna kuma da ƙara sosai idan ana zuba su a kan tebur, abin da mai jariri a gida zai lura da shi tun daren farko. Shimfiɗa bargo ko wasa a kan darduma yana rage wannan.

Kartar da aka haɗo da ita ba ta da inganci. Takarda ce da aka shafa mata roba sama-sama, kuma a zafin watan Afirilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, gumin hannu yana tausasa ta har kusurwoyi su lanƙwashe. A wasan bilot ana iya haƙuri da haka, amma a poka karta mai lanƙwasa ta zama mai alama, wanda duk ya gane cewa as ɗin nan, wato karta mafi daraja, ne ke da karyayyen gefe ya riga ya san rabin sirrin abokin wasansa. Mun maye gurbinta da karta ta roba zalla wadda ake wankewa, kuma ina ba duk mai saye shawarar ya lissafa kuɗinta a cikin farashin akwatin tun a shago. Shi kansa akwatin kyan gani ne kawai: kwabban kaɗai sun kai kusan kilo uku da rabi, maƙallan murfin kuwa sirara ne, don haka mai ɗaukarsa a bayan kabu-kabu gara ya rungume shi da ya riƙe shi ta hannu. Ƙwayoyin ludon ba su da wani aiki a poka, ga hadisin da ke cikin Sahihu Muslim mai tsananta hani a kan wasan ƙwaya, ga kuma haɗarin yaro ya haɗiye, shi ya sa muka cire su tun ranar farko.

Wasan da aka ƙera akwatin dominsa shi ne nau'in poka da ake kira Texas Hold'em, wanda ya yaɗu a duniya ta hanyar gasar da aka fara a Las Vegas ta Amurka a 1970, ya kuma ƙara bunƙasa bayan 2003, shekarar da Chris Moneymaker, wanda ya samu gurbinsa ta intanet, ya lashe dalar Amurka miliyan biyu da rabi. Ana amfani da karta 52, kowa ya karɓi biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya, uku a tare, sai ɗaya, sai ɗaya, ana zubi a tsakaninsu har zagaye huɗu. Hannun farko yana iya zuwa ta hanyoyi 1,326, kuma as biyu a tare sau ɗaya ne cikin 221, wanda ke nufin mafi yawan daren mai wasa yana tafiya ne a ajiye karta da jira. Wanda ba shi da haƙuri, ko wanda ke son ya yi burga a kowane hannu, shi ne yake fara tashi ya koma hura gawayin shayi.

Tarihin nan ya nuna ƙarara cewa caca ce asalin wasan, kuma ban ga amfanin ɓoye wannan ba. Aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida sun haramta caca, sun kuma faɗi dalili, wato jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane da shagaltar da su daga ambaton Allah da salla. Ko ta fuskar dokar boko da muke karantawa, kundin dokokin farar hula na Faransa na 1804, wanda Nijar ta gada, ya faɗa a sashe na 1965 cewa doka ba ta ba da damar kai ƙara domin neman bashin caca, sashe na 1967 kuma ya hana wanda ya biya da son ransa ya nemi a mayar masa, sai fa idan an yi masa zamba. Ɗalibin da ya haddace waɗannan sassa domin jarrabawa ya san cewa kuɗin da ya zube a kan tabarma ba alƙalin da zai karɓo masa. Saboda haka a wurinmu kwabban ba sa wakiltar ko dala ɗaya, ba a sayen su, ba a fansar su, wanda ya ci ba ya tashi da komai sai yabo da tsokanar mako guda. Duk da haka, akwai malaman da ke ƙyamar karta ko babu kuɗi saboda shagala, kuma wanda ya bi wannan ra'ayi akwatin ba nasa ba ne.

Inda akwatin ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda yake sa wa wasa iyaka, abin da bilot ɗin fada ba shi da shi, domin shi bilot ana gama zagaye ake ɗora wani har sai ladan ya yi kiran assalatu. A tsarin gasa kuwa, kowa yana farawa da kwabbai daidai da na ɗan'uwansa, hamsin-hamsin idan mutum shida ne, kuma zubin dole da mutum biyu ke yi kafin a raba karta ana ninka shi duk bayan minti goma sha biyar da agogon salula. Tun da zubin yana hawa kwabbai kuma ba sa ƙaruwa, lissafi da kansa yake kore mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma cikin awa biyu ko ƙasa da haka an samu wanda ya tattara duka. Muna zama daren Asabar kaɗai, bayan sallar lisha, gida-gida bi da bi, kuma ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wanda kwabbansa suka ƙare ba a sake ba shi wasu. Idan aka sassauta wannan ƙa'ida ko sau ɗaya, agogon ya tashi aiki, wasan ya koma irin na manhajojin salula da ke turo saƙo tsakar dare suna tallar kwabban bogi da kuɗin gaske.

Wasu daga cikin abokaina suna da'awar cewa poka tana kaifafa basirar lauya, tun da tana koya wa mutum yanke shawara da rabin hujja da kuma karantar fuskar wanda ke gabansa. Ni ban yarda da wannan ba, ina ganin uzuri ne kawai na mai son wasa. Sharhin hukuncin kotu yana da tsarinsa, dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, suna buƙatar zama da littafi, kuma babu daren karta da zai shigar da sharuɗɗan ingancin kwangila a kan mutum. Amfaninsa bai wuce hutu da zumunci ba, kuma wannan ma ya isa. Shi ya sa da zarar an kafa jadawalin jarrabawar zango muke rufe akwatin da ɗan makullinsa, uwargidana ce kuma take riƙe makullin har a gama takarda ta ƙarshe. Ita ce ma ta gindaya sharaɗin ranar da akwatin ya shigo gidan, ta ce, "Malam, in dai ba kuɗi a ciki, kuma ba za a tashi yara da shewa ba, to bismillah, amma ranar Lahadi tamu ce." Ya zuwa yanzu sharaɗin yana nan daram, kuma tun da ita ce ke ganin abin da ke shiga da fita a cefane, shaidarta ta fi tawa ƙarfi a wurin iyaye da surukai, waɗanda ganin karta kaɗai ya isa ya tayar musu da hankali.

Game da girma, mai kwabbai 300 ya wadatar da mutum shida, amma idan za a kai takwas zuwa goma sai a nemi mai 500, wanda nauyinsa ya fi ƙarfin maƙallan irin wannan akwati. Farashi yana bambanta daga shago zuwa shago kuma sai an yi ciniki. Kafin a biya, ya kamata mai saye ya sa a buɗe akwatin a gabansa, ya ƙirga jerin kowane launi domin wani lokaci a kan samu gibi, ya gwada maƙallai da makulli, ya kuma duba ko soson da ke ciki bai fara ruɓewa ba saboda daɗewa a zafin shago.