Sharhi kan mai gyaran bindigar da ya duba min Glock 19 a Houston

Gaskiya mutumin nan ya san aikinsa, shi ya sa na ce bari in rubuta don 'yan uwa mazauna Texas masu zuwa filin harbi. Glock 19 ce na saya ta hannu, 9mm mai cin harsashi 15, kuma tun ranar farko take min wani abu: sai ka harba, kwanson harsashin ya fito rabi ya maƙale a tsaye a bakin tagar silaid (saman bindigar da ke ja baya idan an harba) kamar bututun hayaƙi, shikenan ta tsaya. Ka buga gindin magazin ka ja silaid ta ci gaba, can kuma ta sake, wani lokacin ma kwanson goshina yake dawowa da zafinsa.

Abin da ya burge ni bai fara da cewa in sayi komai ba. Ya cire magazin, ya ja silaid baya ya leƙa ya tabbatar babu harsashi a ciki, sannan ya ce mu shiga layin harbi ya ga riƙona, don wai yawancin masu kawo masa irin wannan ƙorafin hannunsu ne ke saki, idan tsintsiyar hannu ta yi laushi ƙarfin da zai tura silaid baya sai ya tafi a banza. Ya kalle ni na harba, shi ma ya karɓa ya harba, ta maƙale masa. To ba hannu ba ne. Ya canza magazin, duk ɗaya.

Da ya kwance ta ne aka ga zancen. Ashe mai ita na farko ya cire sifirin ɗin kamfani mai mayar da silaid gaba ya sa wani mai tauri na kasuwa, ni kuma ina zuba mata harsashi mai arha na atisaye, giren 115 (nauyin kan harsashin ke nan), wanda ba shi da ƙarfin tura wannan sifirin har ƙarshe, to silaid ba ya isa baya da saurin da ɗan ƙarfen da ake kira ijekta zai doki kwanso ya cilla shi waje. Ga kuma dauɗa ta taru ta daskare a ƙarƙashin ɗan ƙugiyar nan da ke kama bakin kwanso, ekstirakta, wlh da ya sa tsinken roba baƙin da ya fito sai da na yi mamaki. Ƙugiyar kanta lafiya lau, ba ta gutsure ba, ya nuna min da tocila ya ce kar in ɓata kuɗi a kanta.

Ya mayar da sifirin na asali, ya wanke, ya ɗiga mai kaɗan a kan layukan silaid, ya ja min kunne kar in kuskura in zuba mai a ramin allurar da ke dukan harsashi don nan dauɗa ke taruwa. Muka gwada da giren 115 da 124 duk ta ci ba gardama, kwanso na tafiya dama yadda ya kamata.

Inda ban ji daɗi ba jira ne, ranar Asabar shagon cike yake kuma ba sa ɗaga waya, gara ka je tsakiyar mako da safe. Kuɗin aiki ma ya ɗan yi sama idan ka duba cewa sifirin ɗin kansa ba tsada. Amma zan koma, kuma duk wanda zai sayi ta hannu ya tambayi mai ita ko ya taɓa canza wani abu a ciki kafin ya biya.