Zama goma sha biyu a ɗakin gashin ƙashi

Gwiwata ta dama ta fara ne da ɗan ƙara, ƙaras-ƙaras, duk lokacin da zan miƙe daga sujada. Shekara uku ke nan. Atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma duk wanda ya san kasuwar ya san hawa bene da sauka ba ya ƙarewa, shago a ƙasa, sito a sama. Da hunturun bara ya kankama, sai da ta kai ina sallar asuba a kan farar kujerar roba a ƙarshen sahu, gefen dattawan da suka ba ni shekara ashirin. Shekarata 54.

Kowa na gaya wa sai ya ce sanyi ne. Na shafa man zafi kala-kala, na sha jiƙo, na sayi wani gari a wurin mai mota da lasifika a bakin kasuwa. Wanzaminmu ya yi mini ƙaho sau biyu, jikina ya yi sakayau na 'yan kwanaki, ciwon ya dawo. Abin da ya riƙe ni da gaske shi ne haɗin kemis. Da na leƙa da magariba yaron zai ce, "Baba, a haɗa maka?" Ƙwaya biyar a ƙullin leda: ja guda, farare biyu, ruwan ɗorawa guda, sai wata 'yar mitsitsiya. Kafin isha'i gwiwa ta saki. Wa zai ƙi yarda da abin da ya yi masa aiki cikin awa guda? Wata takwas ina sha. Fuskata ta ciko, abokan kasuwa suna ta ce mini, "Alhaji, hutu ya karɓe ka."

Ciki ne ya tona asiri. Ƙirjina ya riƙa zafi da dare, daga baya bayan gida ya koma baƙi ƙirin. Likitan da na gani ya ce in kawo abin da nake sha, ya kwance ledar a kan teburinsa yana ware ƙwayoyin da bakin biro. Biyu daga ciki 'yan gida ɗaya ne, dangin diklofenak mai kashe zafin ciwo, waɗanda idan an daɗe ana sha suke kankare ciki har ya yi gyambo, su kuma taɓa ƙoda. 'Yar mitsitsiyar ita ce deksa, wato deksametason, maganin rage kumburi mai ƙarfi. Ita ta kumbura mini fuska, tana ɗaga suga da hawan jini, tana kuma rage wa ƙashi ƙwari. Ya hana ni su duka, ya ba ni maganin olsa da farasitamol, ya rubuta in yi hoton ƙashi in kai wa masu gashin ƙashi.

Gaskiya ban ɗauki gashin ƙashi a bakin komai ba. A tunanina na masu shanyewar ɓarin jiki ne da waɗanda aka cire wa filasta. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, amma ni da shi sai dubiya, kuma ban taɓa kawowa a raina ciwon gwiwar da ba karaya ba yana da masu duba shi na musamman. Ashe akwai sashen gashi a Dala, akwai a Asibitin Malam Aminu Kano, Jami'ar Bayero ma tana yaye masu wannan aiki. Ni dai saboda kasuwa na zaɓi wani wuri mai zaman kansa da ke karɓar mutane bayan la'asar. A kansa nake wannan sharhi.

Wanda ya karɓe ni yaro ne sa'an ɗana na fari. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce in naɗe wando. Kusan minti arba'in bai taɓa wata na'ura ba, tambaya kawai yake. Da safe gwiwar tana sandarewa? Minti nawa kafin ta saki? Ta taɓa kumbura ta yi zafi rau tare da zazzaɓi? Akwai sikila a gidanmu? Banɗakina na tsuguno ne ko na zama? Sau nawa nake hawa bene a yini, da kaya ko ba kaya? A shekara ukun nan babu wanda ya taɓa yi mini ko ɗaya daga cikinsu. Daga baya ya bayyana mini dalili: sandarewar safe da ke sakin mutum kafin rabin awa ta fi kama da zaizayar gaɓa, ita kuwa gaɓar da ta kumbura tana zafi da zazzaɓi ba a gasa ta, likita ake kai wa a ranar.

Sai ya ɗauko tef irin na tela ya auna cinyoyina. Ta dama ta gaza ta hagu da santimita biyu. Ban yarda ba sai da ya sake aunawa ina kallo. Ya ɗaga hoton ƙashin a jikin taga, ya nuna mini inda tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu ta tsuke ta ɓangaren ciki.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba," in ji shi. "Guringuntsin da ya zaizaye ba ya tsirowa. Abin da za mu iya shi ne mu dawo da ƙarfin wannan cinyar, ta riƙa ɗauke wa gwiwar nauyi. Rabin aikin a gida za ka yi shi."

Raina ya ɓaci, don na zo ne a warkar da ni. Amma a adaidaita sahu kan hanyar gida na yi ta juya maganar. Duk wanda na je wurinsa a baya alkawari ya yi mini, kwana uku, sati ɗaya, in Allah Ya yarda ka rabu da shi. Wannan ne kaɗai ya faɗi iyakar abin da zai iya. A nan na fara yarda da shi.

Sau biyu a sati nake zuwa, har sati shida. Akan fara da jar fitila mai ɗumi, wani lokacin a manna mini wasu 'yan faifai masu tsikarar jijiya da ɗan lantarki. Wannan ɓangaren kowa ke so. Na ga wata Hajiya da ake gama mata fitila sai ta ɗauki mayafinta, ta ce ita sauran wahala ce. Ni ma da farko haka na ɗauka, har yaron da ya karɓe ni ya ce mini ɗumin nan share fage ne kawai don tsokar ta saki. Aikin gaskiya shi ne na bayansa. In kwanta, a naɗe tawul a ƙarƙashin gwiwa, in danna shi in ƙirga goma. In ɗaga ƙafa a miƙe da jakar yashi ɗaure a idon sawu. In tashi daga kujera in zauna ba tare da dafa komai ba. A zama na farko biyar na yi cinyar ta kama rawa. A gida nakan yi su a kan darduma bayan asuba, Hajiya tana ƙirga mini. Sati biyu na farko tsamin jiki kawai na samu, saura kaɗan in bari. A sati na huɗu na hau sito na sauko, sai da na zauna a shago na tuna ban kama ƙarfen bene ba.

Wani abin da ya ƙara masa daraja a idona, bai raina abin da na taso a kai ba. Da na ambaci ƙaho bai yatsina fuska ba. Ya ce in ina jin daɗinsa in yi, amma in tabbata aska ko rezar sabuwa ce saboda ciwon hanta, kuma kada a tsaga kan gaɓar kanta. Da na ce kujerar masallaci tana damun zuciyata, ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini da ke Bukhari, wanda aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune. Ya kuma taɓo maganar tumbi a hankali: duk kilo ɗaya da na rage, gwiwa tana samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku. Na rage tuwon dare, na rage sukari a shayi.

Inda wurin ya gaza kuwa, ba zan rufe ba. Kuɗin zama ɗaya ya kai ribar turmi huɗu ko biyar, ga kuɗin adaidaita. Ɗan dakon da ke sauke mini dila, wanda bayansa ya fi gwiwata lalacewa, ba zai iya ba, ledar kemis zai koma wa, kuma ban ga laifinsa ba. Sannan ba sa riƙe lokaci. A ba ka ƙarfe huɗu da rabi, ka yi magariba a can. Sau uku na tarar ba wanda na saba da shi ba ne, na maimaita labarina tun daga farko, ɗaya ma bai duba fayil ba ya kunna mini fitila ya fita yana waya. Wata rana an ɗauke wuta, janareta ba mai, aka sallami mutane, alhali motsa jikin ba ya bukatar lantarki. Takardar atisayen da suka ba ni da Turanci take, a birnin Kano. Ɗiyata ce ta fassara mini a bayanta da biro. Wannan gyara ne da ba zai ci musu ko sisi ba. Labulen da ya raba gadon maza da na mata ma gajere ne, na ga mata suna takura.

Duk da haka, wanda gwiwa ko ƙugu ko kafaɗa ta dame shi wata da watanni, musamman in ya fara dogara da haɗi, ina ba shi shawara ya je a duba shi. Ya tafi da ledar maganinsa, ya nemi a bar shi da ma'aikaci ɗaya, ya kuma roƙi a koya masa abin da zai yi a gida tun zaman farko, don ko kuɗi sun yanke aikin ba zai tsaya ba.

Gwiwar ba ta warke ba. Da sanyin asuba tana yi mini magana, tsuguno kuma mun rabu, na sa an ɗora mini masai na zama. Amma wata biyu ke nan ina salla cikin sahu, kujerar sai ranar da na wuni a tsaye a kasuwa. Cinyar ta ciko da santimita ɗaya. Zan koma ƙarshen wata a sake aunawa, kuma yaron mai gashin ya ce in zo masa da takalmin da nake zuwa kasuwa da shi, yana son ya ga ta wane gefe dunduniyar ta cinye.