Sabuwar Prado a titin Jidda zuwa Madina, da abin da mai son kawo ta gida zai duba

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Alhazai da dillalan mota daga Kano da Kaduna sun dame mu da tambaya ɗaya a nan Jidda: wai sabuwar Prado, wadda Toyota ta bayyana a 2023 ta shigo kasuwar Saudiyya a 2024, ta kai tsohuwar kuwa? Ga abin da masu jigilar baƙi tsakanin Jidda, Makka da Madina suke gani a kanta.

A fara da injin, domin nan gardamar take. Tsohuwar da aka fi so a gida mai silinda shida ce, lita 4.0. Sabuwar silinda huɗu gare ta, lita 2.4, amma da turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, da giya takwas mai canja kanta. Ƙarfin janta ya ɗara na tsohuwar, yana kuma zuwa tun injin bai ɗaga murya ba. A titi ana jin wannan lokacin wuce tirela: kana kan 110 ka taka totur, ta sauke giya biyu ko uku ta fice, ba sai ka jira ta tattaro numfashi ba. Hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'if, inda mota mara turbo ke raguwa saboda ƙarancin iska a sama, ita ko a jikinta. Abin da ta rasa shi ne muryar nan mai kauri ta silinda shida. In aka matsa mata ƙararta siririya ce, kuma Alhajin da ya saba da tsohuwar zai ce an rage masa wani abu. Wajen saukowa daga Hada kada a dogara da birki kaɗai. A mayar da giya hannu a riƙe ta a ta uku ko ta biyu, don motar tana da nauyi, birki kuma in ya yi zafi sai ya saki.

Daga Jidda zuwa Madina kilomita 420 ne ko kusa da haka, wato kamar Kano zuwa Abuja. A nan awa huɗu ya isa, har da tsayawa salla da shan shayi. Tun 2018 aka ɗaga iyakar gudu a wannan titi zuwa 140 ga ƙananan motoci. A kan 120 motar shiru take, tana zaune daram. Daga 130 zuwa sama iska ke fara kuka a gefen madubai da saman gilashi, domin an yi ta da kusurwoyi, gilashin gabanta kuma a miƙe yake. Miƙewar nan tana da wata illa: tsakuwar da tirela ta watso kai tsaye take dukansa, don haka a bar tazara. Mai ma gudu ke cinye shi. A 110 zuwa 120 allon gaba kan nuna abin da bai wuce lita 11 ko 12 a kilomita 100 ba, amma da an kwanta a 140 da fasinja da kaya da sanyi a kunne, sai lissafi ya tashi. Tankinta bai kai na tsohuwar nan mai safaya a ƙofar baya ba, wadda ke ɗaukar lita 150. A Saudiyya wannan ba damuwa ba ce, ga gidajen man SASCO da Aldrees a hanya da masallaci da banɗaki da abinci. Mai tafiya Agadas ko Maiduguri shi zai ji bambancin.

Sitiyarinta yanzu na lantarki ne, ba na mai ba. Ya fi laushi a cikin gari, kuma ba ya dukan hannu idan taya ta faɗa rami. Shi ne ya ba da damar na'urar da ke riƙe mota a tsakiyar layi. Akwai kamara a bayan gilashin gaba kusa da madubi, akwai rada, na'urar auna tazara, a hancin motar. Ka saita gudu, ka zaɓi tazara, ita za ta rage in na gabanka ya rage, ta ƙara in ya kauce. A doguwar tafiya wannan na rage gajiyar ƙafa ƙwarai. Sai dai fa kamarar farin layi take karantawa. A nan layin a fente yake tun daga Jidda har Abyar Ali a bakin Madina. Titin da babu fenti, ko wanda ake bin hannu ɗaya saboda gyara, na'urar ba ta da abin karantawa. Ko a nan ɗin, guguwar yashi in ta taso sai ta rubuta gargaɗi ta kashe kanta, tuƙi ya dawo hannun direba. A harmatan ɗinmu mai kauri a sa ran haka. Wani abin da ba a faɗa wa mai saye: in gilashin gaba ya fashe aka canja, dole a sake daidaita kamarar da kwamfuta, in ba haka ba za ta riƙa jan mota gefe ko ta taka birki babu dalili.

Sanyinta ba magana, har kujerun baya yana kaiwa ko da rana ta kai 45. Layin kujeru na uku na yara ne. In an ɗaga shi, wurin kaya ba ya ɗaukar jakunkunan alhazai biyar, balle jarkokin Zamzam.

To, rabin daɗin motar nan ba a jikinta yake ba, yana cikin abin da ke kewaye da ita. Fetur a nan aƙalla iri biyu ne a kowane gidan mai, 91 mai koren baki da 95 mai jan baki, kuma tun Yulin 2021 gwamnati ta tsayar da farashinsu a riyal 2.18 da 2.33 kowace lita. Masu turbo 95 suka fi sha. A gida iri ɗaya ake sayarwa, wani lokacin ma daga jarka a bakin titi. Injin nan yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani, saboda haka ruwa ko datti kaɗan ya isa ya lalata famfon mai da bakunan fesawa, kuma ba kayan da za a tsinta da arha a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba ne tukuna. Baƙin mai ma haka. Siriri take sha, 0W-20, a canja duk kilomita 10,000 ko wata shida, a wuri mai ƙura kuwa gara a rage zuwa rabi. Wanda ya zuba mata mai kaurin nan na 20W-50 da aka saba zuba wa tsofaffin motoci, turbo zai fara kashewa, domin man ba ya isa cikinsa da wuri idan an tayar da safe. Bayan doguwar tafiya da gudu, a bar ta tana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, turbo ya huce. Matatar iska a buɗe a duba duk bayan tafiya cikin ƙura, kada a hura ta da iska mai ƙarfi har ta yage.

Gyara a nan da waya ake kama layi a wajen wakilin Toyota, kamfanin Abdul Latif Jameel. Ka kai mota a sa'ar da aka ba ka, a rubuta duk abin da aka canja a tarihinta, wanda mai saye na gaba zai iya nema. Kuɗin aikinsu ya fi na bakaniken gida nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne, kuma bakanikenmu ya fi su dabarar gyara abin da ya karye maimakon jefar da shi. Amma garantin da aka ba ka a Jidda kada ka ɗauka zai bi motar zuwa Kano. A tambaya a rubuce kafin a biya.

Hukuma ma tana cikin lissafi. Kamarorin Saher masu kama laifin tuƙi ba sa karɓar magiya, tara ta saƙon waya take zuwa, ka gan ta a Absher, manhajar gwamnati, ka biya ta banki. In an yi karo ba rauni, ma'aikatan Najm ake kira su rubuta wanda ke da laifi, inshora ta biya. Sabuwar mota ba ta zuwa binciken lafiya na shekara-shekara sai ta cika uku.

Taya kuwa a duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Hukumar kiyaye haɗurra ta gida shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira. Iska a auna ta da safe kafin tafiya, bisa takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kada a sace iska wai saboda taya ta ɗauki zafi a hanya.

Wanda zirga-zirgarsa Abuja ce da Kaduna, yana da gidan mai da ya yarda da shi da gareji mai kwamfuta, sabuwar za ta yi masa daɗi fiye da tsohuwar. Mai shiga ƙauyuka ya nemi samfurin da ake kai wa wasu kasuwanni da tsohon injin lita 2.7 mara turbo. Ba ta da gudu, tana nishi a hawa, amma duk bakaniken da ya taɓa kwance Hilux ya san cikinta.