Ta tebur, laftof ko MacBook? Amsa ga mai son fara haɗa kiɗa a Damagaram

Ƙanena, ka ce ka tara jika 300, kana son fara haɗa kiɗa da ɗaukar murya a ɗakinka, kuma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin kwamfutar tebur, laftof da MacBook ɗin da ake ta yabo. Ka kuma tambayi makirufo.

In ƙarfi kaɗai za a duba, ta tebur ce gaba. Da kuɗi ɗaya za ka samu inji mafi ƙarfi, cikinta da fili, iska na ratsawa, in ƙurar hunturu ta cika ta sai ka kwance murfi ka hure. Abin da ya lalace shi kaɗai ake canjawa. Matsalarta ɗaya, ba ta da batir. Ka san yadda wuta ke yi mana a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wutar yankinmu da yawa daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma ba mu manta da abin da muka sha a 2023 da aka yanke ta ba. Ta tebur sai da ondilar (mai riƙe wuta in an ɗauke) da regilatar (mai daidaita ƙarfin wuta), ga allo da za ka saya daban. Ƙaramar ondilar kuwa 'yan mintuna take ba ka, iya ka adana aikinka ka kashe. Kafin ka haɗa waɗannan duka, arahar ta tafi.

Shi ya sa ni laftof zan ce, amma ba kowace ba. Nemi irin ta ma'aikata ko da ta hannu ce, kamar ThinkPad, Dell Latitude ko HP EliteBook, domin an ƙera su da ƙwari kuma ana samun kayan gyaransu. Kar kyan jiki ya ruɗe ka. Duba ƙwaƙwalwar injin ta zama Intel i5 zubi na 8 zuwa sama, saboda Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025, Windows 11 kuma daga zubi na 8 take karɓa. RAM, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake ciki, ta kai giga 16, ma'ajiyar ta zama SSD, irin mai saurin nan. ThinkPad T480 tana da gurbin RAM biyu, ko da giga 8 ka same ta za ka iya ƙarawa daga baya. Kafin ka biya, cire caja a gaban mai shago ka bar ta tana aiki, ka ga yadda batirin ke sauka.

MacBook Air M1 ta 2020 kaya ce, ba musu. Ba ta da fanka sam, don haka ba ƙarar da za ta shiga makirufo, batirinta na jimawa, ga manhajar haɗa kiɗa ta GarageBand kyauta. Sai dai RAM ɗinta a manne take, yadda ka saye ta haka za ta ƙare. In kuma ta samu matsala babba, wataƙila sai an kai ta Kano ko Yamai. Ga mai jika 300, za ta cinye kuɗin ta bar ka ba katin sauti.

Katin sautin nan kuwa shi masu farawa suke rainawa, alhali shi ne ke kai muryarka cikin kwamfuta. Ba shi, za ka yi waƙa ka ji muryarka ta dawo maka a makare, ka kasa bin kiɗa. Focusrite Scarlett Solo yana karɓar makirufo ɗaya da jita ɗaya, yana kuma da direban ASIO nasa, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta ba tare da jinkirin sauti ba. Behringer UMC22 ya fi araha amma ba shi da nasa direban, sai ka jingina da direban gama-gari, ASIO4ALL. In Behringer ɗin za ka saya, ƙara kaɗan ka ɗauki UMC202HD mai nasa direban.

A makirufo ne zan saɓa wa abin da ka saba gani a hotunan situdiyo. Irin Audio-Technica AT2020 tana buƙatar wutar 48V daga katin sauti, kuma jinta ya yi yawa ga ɗakin siminti mai rufin kwano: za ta ɗauko kabu-kabun da ya wuce, da akuyar maƙwabta, da amsa-kuwwar bango. Shure SM58, wadda ake ƙerawa tun 1966, a bakinta kake waƙa, muryarka ta danne hayaniyar waje, kuma tana jure faɗuwa da ƙura. Jabunta sun cika kasuwa, in ka ji farashin ya yi daɗi da yawa ka ajiye ta.

Lasifikan situdiyo ka bar su tukuna, ɗakin da ba a gyara ba ƙarya zai sa su yi maka. Sayi kaske mai rufe kunne, irin ATH-M20x. In akwai fiyano Yamaha PSR mai kafar USB a gida, ya isa ka buga kiɗa da shi cikin manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Wanda ya sayi FL Studio sau ɗaya, sabbin zubinsa kyauta ne har abada. Reaper kuma, wata manhajar irinta, dalar Amurka 60 ne, da kwana 60 na gwaji.

In ka haɗa komai ka ji wani zuuu a cikin kaske, kar ka yi saurin zargin makirufo. Cire cajar laftof ka sake saurare, sau da yawa daga wutar gida yake. Ka ɗauki muryar a kan batir, in ka gama ka mayar da caja.